Shinge Kafin Shuka: Yadda Ake Fitar da Farfajiya, Tarnaƙi da Muhimmancin Kundin Bincike

Duk shekara idan aka raba wa 'yan ajin ƙarshe malaman da za su duba musu kundi, teburina kan cika da manya-manyan take. Wata ɗaliba ta taɓa shigowa da nata a rubuce a fallen takarda: "Matsalolin noma a Arewacin Nijeriya." Na karanta, na ɗago kai na ce, "Malama, jihohi nawa ne a Arewa?" Ta ce, "19 ne, Malam." Na ce, "Nawa kika taɓa takawa a cikinsu?" Ta ƙirga da yatsu, ta ce uku. Na ce, "To wane noman? Na damina ko na rani? Gero ko shinkafa ko albasa? Matsalar taki, ko ta ruwa, ko ta kasuwa?" Ta yi shiru, can sai ta ce, "Malam, ni dai abin da ke ci mini rai shi ne tumatirin da nake gani an zubar a bakin titi, duk lokacin da muka bi hanyar Zariya za mu gida." Na ce mata, "Yauwa, yanzu kika faɗi bincikenki. Wancan na takardar ɗaukar Dala ba gammo ne."

Yarinyar tana da basira. Abin da ya ruɗe ta shi ke ruɗar yawancin ɗalibanmu: suna zaton girman take shi ne girman aiki. Shi ya sa ƙananan sassa uku da ke babi na ɗaya suke zama abin da ake kwafowa daga tsohon kundi a daren da za a miƙa aiki, alhali su ne ke riƙe da ragamar kundin gaba ɗaya. Kowane sashe na jami'a da sunan da yake ba su. A nan zan kira na farko farfajiya, wato iyakar da kai da kanka ka shata wa aikinka. Na biyu tarnaƙi, wato abin da ya fi ƙarfinka kuma ya taɓa sakamakonka. Na uku muhimmanci, wato wanda zai amfana da aikin da irin amfanin da zai yi da shi. Ko da Hausa kake rubutu, ko da Turanci, ko da Larabci, ko da Faransanci kamar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, aikin ɗaya ne. Kuma a jere suke: amfanin bincikenka ba ya tsallake shingen da ka kewaye shi da shi, don haka da shingen ake farawa.

Mataki na ɗaya: ƙirga abin da ke hannunka

Kafin ka sake taɓa take, ɗauki takarda ka rubuta makonnin da suka rage maka, da kuɗin da za ka iya kashewa ba tare da ka ci bashi ba, da wuraren da ƙafarka za ta kai ta dawo lafiya. Daga zango biyu na shekarar karatu, cire makonnin jarrabawa, cire hutu, cire kwanakin da kowane babi zai yi a hannun mai duba aikinka, wanda ba kai kaɗai ne ɗalibinsa ba, sannan cire lokacin bugawa da ɗauri. A abin da na saba gani, ragowar lokacin fita tattara bayanai da wuya ya wuce mako 6 zuwa 8.

Sai ka duba ko kalandar makaranta ta dace da kalandar abin da za ka bincika. Tumatirin rani ba ya jiran a dawo hutu. Hawan Sallah sau biyu ne a shekara. Dambe da kokawa a karkara sai bayan kaka suke kankama. A watan azumi kuma, wanda ka je wa da tambayoyi 40 da tsakar rana zai sallame ka da amsar da ta fi sauƙi. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya isa ya koya mana cewa jadawali na iya zamewa, saboda haka ka bar wa kanka rarar lokaci.

Mataki na biyu: kafa shinge ta fuska huɗu

Nan ne aikin yake, kuma nan nake son ka fi daɗewa.

Fuska ta farko wuri. Kalmar "Kano" kaɗai tana iya nufin cikin ganuwa, ko birni da kewayensa irin su Dala da Fagge da Gwale da Tarauni da Kumbotso, ko masarauta, ko jiha mai ƙananan hukumomi 44. Wanda ya rubuta "a Kano" ya yi shiru, ya bar ƙofa a buɗe, kuma ta nan mai jarrabawa zai shigo ranar kare kundi. Ka sauko daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa mazaɓa, ko unguwa, ko kasuwa ɗaya, ko makarantu uku, har sai ka kai wurin da za ka iya zagayawa da ƙafarka. Ɗalibar nan tawa ta sauko daga jihohi 19 zuwa yankin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wanda ya ratsa Kura da Garun Malam da Bunkure. Da muka lissafa kuɗin mota, sai ta ƙara saukowa zuwa ƙauyuka uku a Garun Malam, tare da kasuwar Kwanar Gafan inda suke kai kayansu.

Akwai wani tarko a maganar wuri da masu aiki da tsoffin bayanai suke faɗawa. Iyakokin jihohi sun sha canjawa. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Kabi daga Sakkwato a wannan shekarar, Zamfara kuma a 1996. Idan ka ɗauko alƙaluman "Jihar Kano" na 1985 ka jera su da na 2005, ka haɗa ƙasa biyu masu faɗi daban a layi ɗaya. Dole ka faɗa a farfajiyarka wace Kanon kake nufi.

Fuska ta biyu lokaci. Ba a ɗaukar shekaru don kawai sun yi daɗin faɗa, kamar 2010 zuwa 2020. Farkon lokacin da ƙarshensa kowanne yana son dalili. Wani abu ya faru a shekarar farko da ya sa ka fara daga nan? Bayanan da ke akwai daga nan suka soma? Sannan ka leƙa cikin shekarun ka ga ko akwai wadda ta fita daban. Mai nazarin tumatir da ya haɗa da 2016 dole ya san a shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Mai nazarin kasuwancin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, dole ya tuna an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai nazarin kuɗin sufuri kuwa, kafin cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da bayansa tamkar zamani biyu ne. Irin waɗannan shekaru, ko dai ka fitar da su waje ka faɗi dalili, ko ka sa su ciki da saninka ka mai da su wani ɓangare na tambayarka. Abin da ba ya yiwuwa shi ne su shigo maka ba ka sani ba.

Fuska ta uku mutane, ko kuma abubuwan da za ka yi nazari a kansu. "Manoma" ba su da iyaka. Mai gonar kansa, ko mai haya, ko ɗan ƙwadago? Wanda ya shekara nawa yana yi? "Matasa" daga shekara nawa zuwa nawa? "Ɗalibai" na wane aji, na makarantar gwamnati ko mai zaman kanta, ta kwana ko ta jeka-ka-dawo? Rubuta wanda ya shiga, ka kuma rubuta wanda bai shiga ba, domin na biyun ya fi kare ka. Sai ka nemi sanin yawansu daga wurin da ke da rajista: ƙungiyar manoma, ko ofishin sarkin kasuwa, ko rajistar makaranta, ko littafin asibiti. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, duk adadin da ka gani bayanta kintace ne, kuma ya kamata ka kira shi da sunansa.

Daga yawan ne ake fitar da adadin waɗanda za a tambaya. Sassan jami'a da yawa suna karɓar lissafin Yamane, wato wata dabarar fitar da wannan adadi, wanda idan aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 yake ba da mutum 109 daga cikin 150, mutum 200 daga cikin 400, mutum 286 daga cikin 1,000. Ka lura da abin da wannan ke gaya maka. Duk faɗaɗa farfajiya da ka yi, takardun da za ka buga da ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa ƙaruwa suke yi. Idan adadin da ya fito ya fi ƙarfin makonninka, kada ka rage shi a ɓoye. Koma ka matso da shingen.

Ɗalibin harshe da adabi da tarihi shi ma yana da nasa "mutanen". Idan makaɗi kake nazari, waƙoƙinsa nawa, kuma waɗanne: na sarauta, ko na siyasa, ko na sana'a? A wane faifai ko kaset ka same su, tunda waƙa ɗaya makaɗi kan rera ta sau da yawa kuma ba ta fitowa iri ɗaya? Idan karin harshe ne, Sakkwatanci ko Katsinanci ko Damagaranci, kuma a bakin su wa, tsofaffin karkara ko samarin birni? Idan jarida ce, Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fitowa, ba wanda zai karance ta a zango ɗaya. Zaɓi shekaru, zaɓi shafi, kamar wasiƙun masu karatu ko ra'ayin edita, bayan ka je ka tabbatar da idonka cewa fitowar waɗannan shekarun tana nan a inda za ka karanta ta, ko a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya.

Fuska ta huɗu ita ce ɓangaren matsalar da za ka kama. Asarar tumatir tana da baki da yawa: cuta a gona, ƙarancin ruwa, faɗuwar farashi, lalacewa bayan ɗiba, lalacewa a doguwar hanya zuwa Legas. Taura biyu ba ta taunuwa. Ɗalibata ta ɗauki guda: abin da ke lalacewa daga lokacin da aka tsinke shi a gona zuwa lokacin da dillali ya sayar da shi a kasuwa.

Mataki na uku: ba kowane shinge dalilinsa, sannan ka rubuta

Farfajiyar da ba dalili a bayanta tana kama da gudun wahala. "Saboda nan ne garinmu" gaskiya ce a zuci, amma ba ta isa hujja a takarda ba. Nemi abin da ya sa wurin ya cancanta: nan ne abin ya fi yawa, ko nan ne ba a taɓa dubawa ba, ko nan ne ke da rajistar da za a dogara da ita. Idan sanin gari da harshen mutanensa zai sa su saki jiki da kai, wannan ma hujja ce, ka faɗe ta a haka.

Ga yadda tata ta fito bayan gyara na uku:

"Wannan bincike ya taƙaita ne ga asarar tumatir bayan ɗiba, daga gona zuwa lokacin sayarwa ga mai saye na farko, a ƙauyuka uku na ƙaramar hukumar Garun Malam da kasuwar Kwanar Gafan, a lokacin ɗibar rani ɗaya, daga Janairu zuwa Afrilu. An zaɓi wannan yanki ne saboda yana cikin manyan wuraren noman tumatir na rani a Jihar Kano, kuma kasuwar tana kusa da gonakin, ta yadda za a iya bin kaya tun daga gona. Binciken ya shafi manoman da ke noma gonarsu ko ta haya, waɗanda suka yi aƙalla shekara uku suna noman tumatir, tare da dillalan da ke karɓar kayansu. Bai shafi asarar da cuta ke jawowa kafin ɗiba ba, bai kuma bi kayan da aka loda zuwa Kudu ba."

Jimla huɗu ke nan, ba ta kai rabin shafi ba. Wanda ya karanta ya san inda za ta je, da wa za ta yi magana, da abin da ba zai tambaye ta ba.

Mataki na huɗu: leƙa ko wani ya riga ka noma wurin

Je ɗakin karatu na sashenku ka zauna da kundayen shekara 10 da suka wuce, ka duba take da farfajiyar kowanne. Idan ka tarar da mai kama da naka, kada ka tsorata kada kuma ka kwafa. Duba inda shingensa ya tsaya. Ya yi Kura, kai ka yi Bunkure. Ya yi kafin 2023, kai ka yi bayanta. Ya tambayi maza kawai, kai ka ji ta bakin mata. Abin da ka samo a nan shi zai zama hujjarka ta ci gaba da bincike a babi na biyu, kuma shi ne rabin muhimmancin aikinka.

Mataki na biyar: tarnaƙi, bayan ka dawo daga fili

Jimlar da na fi karantawa a rayuwata ta koyarwa ita ce: "Mai bincike ya fuskanci ƙarancin kuɗi da ƙarancin lokaci da rashin haɗin kan jama'a." Tana ɓata mini rai, domin ba ta gaya wa mai karatu komai ba. Kowane ɗalibi a ƙasar nan yana da ƙarancin kuɗi. Abin da mai karatu yake son sani shi ne: a ina ne zan yi hattara da sakamakon nan naka?

Saboda haka kowane tarnaƙi ka rubuta shi da gaɓa uku: abin da ya faru, yadda ya taɓa sakamako, da abin da ka yi don rage ɓarnar. Kuma ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu tun ranar farko, domin ba a tuna waɗannan abubuwa bayan wata uku.

Ranar da ɗalibata ta fara fita, ta tsuguna gaban wani dattijo da ke zaune kan buhu a bakin gonarsa, ta gaishe shi, ta buɗe takarda ta ce, "Baba, a ɗiba ɗaya kilo nawa kuke asara?" Ya dube ta ya yi murmushi ya ce, "'Yata, mu ba mu san kilo ba, kwando muka sani." Da ta duba kwandunan sai ta ga ba girmansu ɗaya ba, wani babba wani ƙarami, wani an cika shi baki da baki, wani an yi masa tsororuwa. Ta dawo ofis hankalinta a tashe, tana ganin aikin ya rushe. Muka shirya ta ari sikeli ta auna kwanduna 20 na kowane girma, ta ɗauki matsakaicin nauyinsu ta yi aiki da shi. A kundin ta rubuta cewa manoma da kwando suke lissafi, cewa nauyin da ta bayar ƙiyasi ne da aka gina kan wannan awo, kuma ya fi dacewa a kwatanta asarar wani zango da ta wani tsakanin gona da kasuwa da shi, ba a ɗauke shi a matsayin ainihin nauyin asara ba. Wannan shi ne tarnaƙi.

Na biyun ya fi wannan zurfi. A ƙauye na biyu labari ya riga ta isa cewa an zo rajistar tallafi. Kowa ta tambaya, asararsa ta fi ta na gabansa. Sai da ta koma wurin dagaci, ya sa aka yi bayani cewa ɗaliba ce, ba ta zo da taki ko kuɗi ba, sannan ta riƙa gwada abin da manomi ya faɗa da abin da dillalinsa ya faɗa. Duk da haka ta rubuta a fili cewa mai yiwuwa alƙaluman wannan ƙauyen sun ɗara gaskiya. Duk mai fita karkara da takarda da biro a yau ya sa wannan a ransa.

Akwai wasu da kan taso. Namiji ba zai shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" ba, don haka idan bai nemi mace ta taya shi ba, muryar matan aure ta ɓace daga aikinsa, kuma dole ya faɗa. Takardar tambayoyi da aka tsara da Turanci aka riƙa fassarawa da baki, kowane mai taimako da irin tasa fassarar, ita ma tarnaƙi ce, gara a fassara ta a rubuce tun farko. Tsaro na iya hana ka shiga mazaɓar da ka zaɓa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara, wanda ya dogara da hira ta waya a lokacin ya tsaya cik. Idan haka ta same ka, faɗi wuraren da ba ka kai ba, ka kuma yarda cewa wataƙila su ne matsalar ta fi tsanani a cikinsu.

Bambancin da za ka riƙe shi ne wannan. Idan tun farko ka ce ba za ka bi kaya zuwa Legas ba, farfajiya ce. Idan ka yi niyyar tambayar mutum 109 ka samu 87, tarnaƙi ne, kuma 87 ɗin za ka rubuta. Ina roƙonka da girman Allah, kada ka zauna a gindin darbejiya ka cike ragowar 22 da hannunka. Amana ce. Wani zai zo bayanka ya ɗora gini a kan abin da ka rubuta, bai san tubalin toka ba ne.

Mataki na shida: muhimmanci, da sunan mai amfana

"Wannan bincike zai amfani gwamnati da ɗalibai da manazarta da al'umma baki ɗaya." Wace gwamnatin? Wane ofishi? Wane hukunci zai yanke gobe da ba zai iya yankewa yau ba? Idan ba ka da amsa, jimlar ba ta da amfani.

Kada ka cakuɗa wannan sashe da maƙwabtansa. Dalilin bincike shi ne matsalar da ta tashe ka. Manufa ita ce abin da za ka yi. Muhimmanci kuwa shi ne abin da wani zai iya yi da sakamakon bayan ka gama. Hanyar da nake bi da ɗalibaina ita ce in riƙa tambayarsu "sai me?" har sai mun iso ga mutum mai aiki a hannu. Za ki gano inda tumatir ya fi lalacewa. Sai me? Manoma za su sani. Sai me? Ƙungiyarsu za ta san inda za ta fara sa ɗan kuɗinta: rumfar inuwa a wurin jiran mota, ko kiret na roba a madadin kwando, ko sauya lokacin ɗiba zuwa sanyin safiya. Nan muka tsaya, domin mun iso.

Ba kowane bincike ne ke gyara aiki nan take ba, kuma ba laifi. Wani amfaninsa cike giɓi ne: an yi a can, ba a yi a nan ba. Wani adanawa ne. Ɗalibin da ya zauna da marina a Ƙofar Mata ya tattara sunayen kayan aiki da matakan rini daga bakin tsofaffinsu, ya ajiye abin da ba lalle a same shi nan da shekara 20 ba, kuma wannan babban amfani ne ko da ba ofishin da zai karanta. Wani kuma hanyar aikinsa ce abin ɗauka, kamar dabarar auna kwando da wani zai ara ya yi wa tattasai. Zaɓi wanda ya dace da naka, guda biyu ko uku sun isa, ka fara da wanda ya fi kusa da filin.

In da hali, je ka tambayi mai amfanar kafin ka rubuta sunansa. Minti 15 da malamin gona na KNARDA (hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano), ko shugaban makaranta, ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani, kana tambaya "da me kuke so ku sani game da wannan?", yakan gyara tambayoyin bincikenka fiye da mako guda a intanet.

Sannan ka auna kowace jimla da shingenka. Aikin ƙauyuka uku a ɗibar rani ɗaya ba zai "kawo ƙarshen asarar amfanin gona a Nijeriya" ba. Zai nuna, zai bayyana, zai ba da haske, zai zama mafari. Ga nata:

"Sakamakon wannan aiki zai nuna wa manoman ƙauyukan nan uku da ƙungiyarsu zangon da asara ta fi yawa tsakanin gona da kasuwa, domin su san inda za su fara gyara. Zai ba malaman gona na yankin bayanin da aka samo daga bakin manoma da dillalai, wanda za su iya amfani da shi wajen faɗakarwa kafin lokacin ɗiba. Haka kuma, hanyar da aka bi wajen mai da lissafin kwando zuwa nauyi za ta taimaki mai son yin irin wannan nazari a Kura ko Bunkure."

Mataki na bakwai: jera su ka ga ko sun hau layi

Ɗauki fallen takarda ɗaya ka rubuta take a sama. A ƙarƙashinsa jera manufofinka, gaban kowace ka rubuta tambayar da ke amsa ta, da mutanen da za su amsa, da wanda zai amfana. Manufar da ta nemi mutanen da ke wajen shinge, goge ta. Mai amfanar da ba manufar da ke kai wa gare shi, goge shi. Take kuma ya ɗauki wuri da lokaci da ɓangaren matsala, yadda wanda ya gan shi a bangon kundi zai san abin da ke ciki.

Idan ka zo babi na biyar, ajiye wannan takarda a gabanka, domin a nan ne alƙalami kan ɗauki zafi, "manoma 87 a ƙauyuka uku" su rikiɗe su zama "manoman Arewa". Idan kuma fili ya tilasta maka canji, kamar ƙauye ɗaya ya gagara shiga, sanar da mai duba aikinka a makon, ka koma babi na ɗaya ka gyara farfajiya, in ta kama a gyara take a bi ƙa'idar sashe a gyara. Ranar kare kundi, idan aka ce maka "me ya sa ba ka duba kaza ba?", amsarka tana rubuce: "Ranka ya daɗe, yana wajen farfajiyar aikin, na kawo dalili a babi na ɗaya, na kuma ba da shawarar a bincike shi a babi na biyar."

Abu na ƙarshe da nake sa ɗalibaina su yi kafin a kai kundi ɗauri shi ne su taƙaita sakamakon a shafi ɗaya da Hausa, su mayar wa mutanen da suka ba su lokacinsu. Ɗalibar nan ta koma ta karanta nata a ƙarƙashin rumfa, manoma da dillalai suna saurare, wasu na gyaɗa kai, wani ya gyara mata sunan wani irin tumatir da ta rubuta ba daidai ba. Shugaban ƙungiyar ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihun gaba, sannan ya ce, "To 'yata, albasa fa? Ita ma tana ruɓe mana a ajiya." Ta ce, "Baba, albasa ba ta cikin aikina, amma zan rubuta tambayarku." Ta sa ta a shawarwarin babi na biyar, da sunan yankin da watannin da ya ce abin ya fi tsanani, kuma a shekarar da ta biyo baya wani ɗalibi ya ɗauke ta daga nan.